Faransanci, Harshen Maƙwabtanmu

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ya san abin da zan faɗa. Tafiyar ba ta da nisa. Gero iri ɗaya ne a gonaki, ginin rumbu iri ɗaya, gaisuwa ma ɗaya. Amma da ka ƙetare iyaka sai allunan bakin hanya su daina yi maka magana. Na fara yin wannan tafiya ne sa'ad da wani kawuna ya rasu a can. A bakin iyaka wani jandarma ya gaishe ni da Hausa mai daɗi, ya yi mini ta'aziyya, sa'an nan ya miƙo mini takarda in cika. Na juya ta gaba, na juya ta baya. Baƙaƙen duk na san su, amma ban gane ko kalma ɗaya ba. Wani yaro mai tallar ruwa ne ya karɓa ya cika mini, na ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Ni da na yi shekaru ina koya wa manya karatu da yamma, cikin tafiyar sa'a biyu na koma wanda ake riƙe wa alƙalami.

Nijeriya tana da maƙwabta huɗu ta ƙasa: Benin, Nijar, Chadi da Kamaru. Dukansu da Faransanci ake aikin ofis a cikinsu. 'Yan'uwanmu na jini suna can, muna auratayya, muna cin kasuwa ɗaya, duk da haka yawancinmu ba mu san kome game da harshen da 'ya'yansu suke karatu da shi ba, sai dai mu kwaikwayi maganar hanci mu yi dariya. Domin haka na ga ya kamata mu bi sawun harshen nan tun daga inda ya fito.

Ƙasar da muke kira Faransa a yau, Romawa suna kiranta Gol. Mutanenta na dā suna da nasu harshe, wanda ba shi da kama da Faransanci. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san danginsu ba tare da sun lura ba, gama Galatiyawan da Bulus ya rubuta wa wasiƙa zuriyar mutanen nan ne, waɗanda suka yi ƙaura zuwa Asiya Ƙarama wajen shekara 280 kafin haihuwar Almasihu. Jerom, wanda ya fassara Littafi zuwa Latin, ya zauna a ƙasashen biyu, ya kuwa rubuta cewa har a zamaninsa maganar Galatiyawa ta yi kusa da ta mutanen birnin Trier da ke arewacin Gol.

Tsakanin shekara 58 da 51 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyus Kaisar ya ci ƙasar Gol da yaƙi. Romawa ba su kafa dokar hana harshen mutane ba. Abin da ya faru shi ne abin da muka sani a garuruwanmu. Wanda yake son aiki wurin hukuma, ko shiga soja, ko cin nasara a shari'a, ko ciniki a babban gari, dole ya ji Latin. 'Ya'yan sarakuna suka fara koya, birane suka bi, ƙauyuka suka riƙe nasu har ɗaruruwan shekaru. Ireniyas, bishop na Liyon a ƙarni na 2, ya roƙi masu karanta littafinsa su yi masa haƙuri da Helenancinsa, domin yana zaune cikin mutanen Gol, da harshensu kuma yake yawan magana. Amma zuwa ƙarni na 6 harshen ya mutu. Kalmomi ƙalilan ne suka tsira cikin Faransanci, yawancinsu na gona da daji, kamar chemin, wato hanya, da mouton, tunkiya, da charrue, garmar shanu. Masu mulki ba su damu da sunan garma ba, shi ya sa manomi ya riƙe abinsa.

To, Latin ɗin da ya shiga bakin mutane ba na littattafai ba ne. Na sojoji ne da fatake da bayi. A littafi sunan doki equus ne, amma soja yakan ce caballus, wato dokin aiki, daga nan aka sami cheval. Kai kuwa, maimakon kalmarsa ta ainihi sai suka riƙa cewa testa, wato kasko ko tukunya, kamar yadda mu ma mukan ce ƙoƙon kai. Wannan ba'a ita ce ta zama tête, kalmar da shugaban ƙasa da malamin jami'a suke amfani da ita yau ba tare da sun san tukunya suke faɗi ba. Mutanen Gol kuma masu haɗiye ƙarshen kalma ne. Ruwa a Latin aqua ne. Aka yi ta gutsure shi har ya zama eau, wanda ake faɗinsa "o" kawai. Harsunan Italiya da Sifen da Fotugal duk daga Latin suka fito, uwa ɗaya, amma babu wanda ya yi nisa da kamannin uwar kamar Faransanci.

Wani dalilin wannan nisa shi ne Farankawa. Su wata kabila ce ta Jamusawa da ta mamaye arewacin Gol sa'ad da mulkin Roma ya rushe a ƙarni na 5. Sarkinsu Kulobis ya karɓi baftisma a birnin Reims wajen shekara ta 500. A nan sai abin ya juya: masu nasara ne suka bar harshensu suka ɗauki na waɗanda suka ci da yaƙi, kamar yadda sarakunan Fulani suka yi da Hausa a biranenmu. Sun bar wa ƙasar sunansu, sun kuma bar kalmomi masu yawa, kamar guerre, yaƙi, da jardin, lambu, da blanc, fari.

Shekaru ɗaruruwa mutane suna tsammani Latin suke yi. Firist yana karanta littafi da lafazin garinsu, jama'a suna tsintar abin da suka tsinta. Sai Sarki Sharlaman ya kawo malamai, babbansu Alkuwin daga Ingila, su gyara Latin na ikkilisiya ya koma yadda yake a littattafan dā. Gyaran ya yi kyau, amma ya tona wani asiri: da aka fara karanta Latin daidai, talakawa suka daina ganewa ɗungum. A shekara ta 813 bishop-bishop suka taru a birnin Tur suka yanke shawara cewa a riƙa juya wa'azi zuwa "harshen Romawa na ƙauye" ko zuwa Jamusanci, domin kowa ya fahimci abin da ake faɗa. Wannan ita ce shaida ta fari a rubuce cewa an haifi sabon harshe. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a yana wa'azi, ya ga idanu a buɗe amma maganar tana wucewa ta bisa kansu, ya san abin da ya dami dattawan nan.

Rubutu mafi tsufa da ya rage cikin sabon harshen rantsuwa ce ta yaƙi. Jikokin Sharlaman uku suna jayayya a kan gādo. Ran 14 ga Fabrairu 842, a Sitirasbur, biyu daga cikinsu, Luwis da Sharl, suka haɗa kai gāba da wansu Lotar. Sojojin Luwis Jamusanci suke ji, na Sharl kuwa harshen ƙauyen nan. Sai kowane sarki ya rantse da harshen sojojin ɗan'uwansa, don su ji da kunnensu, kada a ce an yi musu rufa-rufa. Wani danginsu mai suna Nitar ya rubuta kalmomin yadda aka faɗe su. Bayan wannan, wajen shekara ta 880, aka rubuta wata gajeriyar waƙa mai layi 29 a kan Yulaliya, yarinyar da aka kashe a Sifen saboda bangaskiyarta. Ita ce waƙar fari da aka sani cikin harshen.

Kada mai karatu ya ɗauka harshe ɗaya ne ya fito a lokacin. Kowace jiha da nata kari. An raba su gida biyu bisa ga yadda suke cewa "i": mutanen kudu suna cewa oc, na arewa suna cewa oïl, wanda ya zama oui na yanzu. Harshen kudu yana da mawaƙa da suka yi suna a Turai duka, amma sarki a Faris yake, kuma bayan yaƙin da mayaƙan arewa suka kai wa kudu daga 1209 zuwa 1229, ƙarfin sarakunan kudu ya karye. Karin Faris ya hau bisa sauran saboda can ne fāda take, ba don ya fi su daɗi ba.

Akwai wani reshe na labarin da ya shafe mu kai tsaye. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetare teku ya ci Ingila. Wajen shekara 300 fādar Ingila da kotunanta da Faransanci suke aiki, Ingilishi ya zama harshen manoma da barori. Da Ingilishi ya farfaɗo, ya riga ya haɗiye dubban kalmomin Faransanci, musamman na mulki da shari'a da soja. Waɗannan ne Turawan Ingila suka kawo mana. Kotu, joji, gwamna, soja, kyaftin, fursuna, duk ta Faransanci suka biyo kafin su shiga Ingilishi su iso bakinmu. Ashe Bakano da bai taɓa zuwa Damagaram ba yana ɗan taɓa Faransanci kullum bai sani ba.

A watan Agusta 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa hannu a wata doguwar doka a garin Villers-Cotterêts. Ta umarta a riƙa rubuta shari'a da takardun hukuma da Faransanci maimakon Latin, domin kada a sami ruɗani a kan ma'anar hukunci. Dokar nan kuma ita ce ta ɗora wa firistoci aikin ajiye littafin baftisma, a rubuta ranar haihuwar kowane yaro. Mu masu riƙe irin wannan littafi a ƙauyuka mun san amfaninsa ran da wani ya zo neman shaidar shekarunsa. A wannan zamani ne kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Faransanci: fassarar Lefèvre a 1530 daga Latin, da ta Olivétan a 1535 daga Ibrananci da Helenanci. Kalbin ya fitar da babban littafinsa na koyarwa da Faransanci a 1541, masana harshen kuwa, har da waɗanda ba su yarda da koyarwarsa ba, suna lasafta shi cikin waɗanda suka nuna cewa harshen kasuwa zai iya ɗaukar magana mai zurfi.

A 1635 Kadinal Rishaliyo ya kafa majalisar harshe mai kujera 40, aikinta ta tsabtace Faransanci ta kuma yi masa ƙamus. Ba su da gaggawa. Ƙamus na fari ya fito a 1694, bugu na tara kuwa sai a 2024 aka kammala shi. Daga nan Faransawa suka sami halin nan nasu na ɗaukar kuskuren nahawu kamar abin kunya a gaban surukai. A ƙarni na 17 da na 18 Faransa ce mafi yawan jama'a da ƙarfi a yammacin Turai, sai harshenta ya zama na fādodi. Sarkin Furusiya Firedarik da Faransanci yake rubuta littattafansa, manyan Rasha ma da shi suke hira a gidajensu. Tun daga yarjejeniyar Rastatt ta 1714 ya maye gurbin Latin wajen rubuta sulhu tsakanin ƙasashe, ya riƙe wannan matsayi har 1919, sa'ad da aka rubuta yarjejeniyar Basai da Faransanci da Ingilishi tare.

Ga abin mamaki. Lokacin da sarakunan waje suke taƙama da Faransanci, yawancin talakawan Faransa ba su iya shi ba. A 1794, cikin zamanin juyin juya hali, wani firist mai suna Giregwar ya kai wa majalisa rahoton bincikensa. Ya ce aƙalla mutum miliyan 6 ba su jin harshen ƙasa sam, wasu kamar haka ba su iya doguwar hira da shi, waɗanda suke yinsa da kyau kuwa ba su wuce miliyan 3 ba, a ƙasa mai mutum wajen miliyan 28. Shawararsa ita ce a kawar da sauran harsunan. Mutumin nan ya yi gwagwarmaya domin a 'yanta bayi, ba mugu ba ne. Yana gani talakan da bai ji harshen doka ba kullum za a cuce shi, a nan kuwa yana da gaskiya. Inda ya kauce, a ganina, shi ne tsammanin cewa sai an kwance wa mutum harshen uwarsa kafin a ɗaura masa wani.

Makaranta ce ta cika burinsa. Dokokin Jul Feri na 1881 da 1882 suka sa karatun firamare ya zama kyauta, kuma tilas. A jihohi irin su Biritaniya ta Faransa, yaron da aka ji yana harshen gida sai a rataya masa wani abu a wuya, guntun katako ko tsohon takalmi, ana kiransa symbole. Ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yaro da laifin nan ya miƙa masa, wanda aka tashi makaranta abin yana wuyansa shi ne zai sha hukunci. Wannan dabara ce aka ɗauko aka kawo makarantun Afirka ta Yamma. Dattawan Nijar da yawa suna tunawa da ita. Kada mu yi saurin zargi, gama a makarantarmu ma akwai ɗan ajin da aka ba aikin rubuta sunayen masu yin Hausa, na kuwa sha share fili saboda haka. Abin lura dai shi ne, abin da Faransa ta yi wa 'ya'yan Afirka ta fara yi wa 'ya'yanta na ƙauye.

Yanzu bari mu dubi harshen kansa kaɗan. Abin da yake fara ba baƙo wahala shi ne rubutu da faɗi ba su tafiya tare. Rubutun ya tsaya inda yake tun ɗaruruwan shekaru, baki kuwa ya yi gaba. Kalmar tsuntsaye ana rubuta ta oiseaux, baƙaƙe bakwai, a faɗe ta "wazo". Yawancin baƙaƙen ƙarshen kalma ba a faɗinsu, sai in kalma ta gaba ta fara da wasali, sa'an nan baƙin da ya yi shiru ya farka ya manne da ita. Akwai wasula da ake fitarwa ta hanci, akwai "r" da ake yi a maƙogwaro kusa da yadda Larabawa suke faɗin gaini, ko da yake mutanen Afirka da yawa da harshe suke kaɗa ta, ana kuwa gane su sarai. Ƙananan alamun da ake ɗorawa a kan wasula wasunsu kaburbura ne: 'yar hular da ke kan tête tana nuna wurin da "s" ta testa take a dā.

Amma Bahaushe yana da sa'a a wurare biyu da Bature ɗan Ingila yake tuntuɓe. Na fari, kowane suna a Faransanci namiji ne ko tamace, kamar yadda muke cewa gida ne, mota ce. Tunanin ba baƙo ba ne a gare mu, sai dai jinsin ba ya dacewa kullum: rana a wurinsu namiji ce, wata kuwa tamace, akasin namu. Na biyu, suna da tu domin aboki da yaro, da vous domin jama'a ko babba guda, daidai da yadda yaro mai tarbiyya yake ce wa mahaifinsa "ku". Ƙidayarsu ce mai ban dariya. Saba'in a wurinsu sittin da goma ne, tamanin ashirin huɗu, casa'in ashirin huɗu da goma. Mutanen Beljiyam da Suwizalan da Kwango sun huta da wani sashi na wannan lissafi, suna da kalma guda domin saba'in da casa'in. Akwai kuma kalmomin da mu da su muka aro daga wuri ɗaya, wato Larabci: sukari da sucre, gahawa da café, sifiri da chiffre.

Yadda harshen ya fita Turai labarin jiragen ruwa ne da bindiga. A 1608 aka kafa Kebek a Kanada. Ingila ta ƙwace ƙasar a 1763, amma mutanen suka riƙe harshensu da taurin kai, ikkilisiyarsu da makarantunta suna taimakonsu, har a 1977 suka yi dokar da ta sa Faransanci ya zama harshen aiki da ciniki a jiharsu. A tsibiran Karibiyan, bayin da aka kwaso daga Afirka suka ɗauki kalmomin iyayengijinsu suka gina sabon harshe da ake kira Kiriyol. Haiti ta ƙwaci 'yancinta a 1804, amma sai a 1987 tsarin mulkinta ya ba Kiriyol, harshen kowa da kowa, matsayi ɗaya da Faransanci. A Afirka sun kafa Sanlui a bakin kogin Senegal a 1659, suka shiga Aljeriya a 1830. Kwango, Ruwanda da Burundi kuwa ta hannun Beljiyam suka sami harshen.

Ƙasar Hausa ta gamu da su a ƙarshen ƙarni na 19. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar tana ƙone garuruwa, Birnin Ƙonni yana cikin waɗanda suka fi shan wuya, a shekarar kuma Damagaram ta faɗa hannunsu. Iyakar da na tsaya a bakinta an shata ta ne cikin yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka yi tsakanin 1890 da 1906, ba a tambayi Katsinawan Maraɗi ko Gobirawan Tsibiri ba. Damagaram ce hedkwatar mulkinsu har 1926, sa'ad da aka mayar da ita Yamai.

Daga nan hanyoyin 'yan'uwa biyu suka rabu. A Arewacin Nijeriya Ingilishi sun bar Hausa a ƙananan azuzuwa da ofisoshin en'e, aka buga littattafai, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Sun yi haka ne domin sauƙin mulkinsu, amma harshen ya ci riba. Faransawa kuwa tun daga ajin fari Faransanci ne kaɗai. Wata doka ta 1922 ta shimfiɗa wannan ƙa'ida har a kan makarantun da ba na gwamnati ba. Wannan ya ɗaure hannun 'yan mishan da suka fara aiki a Damagaram a 1924, gama yawancinsu masu jin Ingilishi ne, da Hausa kuma suka saba aiki. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 ya ƙetare iyaka, ana karanta shi a sujada, amma takardar shaidar da za ta ba yaro aiki sai da Faransanci. 'Yan ƙalilan da suka yi fice aka tura su makarantar William Ponty a Senegal, cikinsu har da Diori Hamani da Bubu Hama. Sa'ad da Nijar ta sami 'yanci a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba.

Duk da haka harshen ya shiga Hausar can. Inda muke cewa makarantar boko su lakwal suke cewa, malaminta kuwa mushe. Likitanmu shi ne lokotoronsu, di'o ɗinmu na dā shi ne kumandan, kwastan kuma duwan. Mangaza, ɗakin ajiyar kaya, ta yi doguwar tafiya: daga Larabci ta shiga Faransanci, daga can ta dawo mana. Sunaye ma sun sāke kama a takarda. Usman ya zama Ousmane, Tawa ta zama Tahoua, domin a rubutunsu sai an haɗa "o" da "u" kafin a sami sautin "u". Na san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da sunan mahaifinsu ya bambanta a katin shaida saboda wannan.

Bayan 'yanci sababbin shugabanni suka riƙe Faransanci. Dalilinsu a fili yake: ƙasa mai harsuna goma ko ɗari, in ka ɗaga na kabila ɗaya sauran za su ce an danne su, harshen baƙo kuwa ba na kowa ba ne. Ba kowa ya san cewa ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai aka haife ta ba. Ran 20 ga Maris 1970 ƙasashe 21 suka sa hannu a can, waɗanda suka fi matsa a yi ta kuwa 'yan Afirka ne, Sengor na Senegal, Burgiba na Tunisiya da Diori na Nijar. Sengor ɗin nan a 1983 aka zaɓe shi ya hau ɗaya daga kujeru 40 na majalisar Rishaliyo, shi ne ɗan Afirka na fari da ya sami haka.

A rahotonta na 2022 ƙungiyar ta ce masu jin Faransanci a duniya sun kai miliyan 321, kuma fiye da 60 cikin 100 na masu amfani da shi kullum a Afirka suke. Kinshasa ta fi Faris yawan jama'a. Faransanci yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, ana aiki da shi a Tarayyar Afirka da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da wasannin Olimfik. A Abijan da Libarbil da Duwala akwai yara masu yawa da shi ne harshensu na fari, sun kuwa lanƙwasa shi yadda suke so: samarin Abijan suna da nushi, na Kamaru suna gauraya shi da Ingilishi da harsunan gida, har Bafaranshe ya ji ya rasa gane kansa. Abin da sojojin Roma suka yi wa Latin ke nan. Nijeriya ma ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri a 1991, a 1996 kuma Janar Abacha ya yi shelar cewa zai zama harshen hukuma na biyu, amma maganar ba ta yi nisa da takarda ba, domin babu isassun malamai.

Sai dai lissafin nan yana ɓoye wani abu. A ƙasashen bakin teku harshen ya shiga gida da kasuwa, a Sahel kuwa ya tsaya a ofis da aji. A Nijar masu jinsa wajen 13 ne cikin 100 bisa ga ƙidayar ƙungiyar kanta. Sauran ana yi musu shari'a, ana rubuta musu magani, ana yanka musu haraji da harshen da ba su ji, kamar talakawan Faransa kafin 1539. Inda kuma aka tura wa mutane shi da ƙarfi ya jawo jini: rikicin da ya ɓarke a yankin masu Ingilishi na Kamaru a 2016 ya fara ne da ƙorafin lauyoyi da malamai a kan alƙalai da malaman da ake aiko musu waɗanda Faransanci kaɗai suke ji. Ruwanda ta mayar da karatunta zuwa Ingilishi tun 2008. Mali a 2023, Burkina Faso a bayanta, suka sauke Faransanci daga harshen hukuma zuwa harshen aiki.

A watan Maris 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar da aka haifa a babban birninta shekara 55 da suka wuce. A ƙarshen watan kuma sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne, ta kuma lasafta Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Buzanci da waɗansu a matsayin harsunan da ake yi a ƙasar. Hausawa da yawa a ɓangarorin iyaka biyu sun yi murna. Waɗansu daga sauran kabilu kuwa sun nuna damuwa, suna tambaya ko za a sāke rataya wa 'ya'yansu wani abu a wuya, wannan karo da sunan harshen maƙwabci. Mu da muke sujada da Hausa tare da mutanen kabilu masu yawa a Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa mun san wannan tambaya, mun kuma san ba a amsa ta da fushi. Akwai sauran aiki mai yawa kafin likita ya yi karatunsa da Hausa ko alƙali ya rubuta hukunci da ita: littattafai, ƙamus na kowane fanni, da malaman da za su koyar. Dokar da ta ɗaga Hausa ma, da Faransanci aka rubuta ta aka buga a jaridar gwamnati.